Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya: a kawo binciken sankarar mata Arewa, kuma a yi shi da saninmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da shugaban hukumar binciken kansa ta ƙasa wato NICRAT, Farfesa Usman Malami Aliyu, da shugabannin asibitocin koyarwa na Arewa baki ɗaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a, Allah ya taya ku riƙo.

Ranka ya daɗe ni ba likita ba ce, malamar sakandare ce, bayoloji nake koyarwa. Abin da ya jefa ni cikin wannan harka jinya ce. Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina jinyar yayata da muke ciki ɗaya, sankarar mama ta kama ta tana da shekara 38, ta rasu ta bar yara huɗu. A kan bencin asibiti na haɗu da mata irina, wasu su ne marasa lafiyar wasu masu jinya, muka karɓi lambar juna muka buɗe wani ɗan zaure a WhatsApp, a nan muke faɗa wa juna yau injin gashi, wanda ake gasa sankarar da haskensa, yana aiki ko ya tsaya, wane kemis ne ke da allura kaza, wa aka sallama, wa ta rasu. Da bakinsu nake wannan magana, har da waɗanda lambarsu na nan a zauren amma masu lambar sun riga mu gidan gaskiya, mun kasa cire su.

Yabon gwani ya zama dole, mun ga cibiyar kansa da aka buɗe a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina a 2025, mun ga rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 tun watan Oktoban 2023, 'yata tana cikin waɗanda aka yi wa, ni na kai ta da hannuna duk da surutun da ake ta yi a unguwa wai hana haihuwa ce. Mun gode, Allah ya saka. To amma in ana maganar kansa gini da inji ake ta nuna mana, sai kuma watan Oktoba ya zo a sa riguna ruwan hoda a yi tattaki a ɗau hoto. Abin da kunnenmu bai cika ji ba shi ne bincike, wato a zauna a bi matanmu da ake yi wa magani ɗaya bayan ɗaya a gano wane magani ne yake musu aiki, wanne ne asarar kuɗi, wace hanya ce ta dace da macen da ta taso daga ƙauye da kuɗin akuyarta a ƙulle a bakin zani. Hukumar NICRAT tun 2017 aka yi dokar kafa ta, ta fara aiki a 2023, kuma kalmar bincike tana cikin sunanta, shi ya sa muka ga ku ya dace mu kawo wa kuka.

Abu na farko, ba a ƙirga mu yadda ya kamata. Alƙaluman hukumar binciken kansa ta duniya na shekarar 2022 sun ce mata sama da 32,000 suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 suka mutu, ta bakin mahaifa kuma sama da 13,000 suka kamu, wajen 7,000 suka tafi. Duk taron da aka yi sai an karanto su. Amma ranka ya daɗe ka fi ni sanin cewa ƙiyasi ne, daga rijistar 'yan birane irin su Ibadan da Abuja da Kalaba aka ɗauko aka auna sauran ƙasar da shi. Yaya a gida ta rasu, da asuba, aka yi mata sutura kafin azahar. Ba wanda ya taɓa kiran wayata daga asibiti ya ce ina mai fayil lamba kaza da ta daina zuwa, tana raye ko ta mutu. A wajensu dai ta daina zuwa ne kawai. To in ba a san ƙarshen maras lafiya ba ta yaya za a san ko maganin da aka ba ta ya yi aiki?

Kuma abin ba wai ya gagara ba ne. Akwai wani bincike da ake kira ABC-DO da aka yi a ƙasashe biyar, Najeriya da Uganda da Zambiya da Namibiya da Afirka ta Kudu, aka bi mata sama da 2,000 masu sankarar mama, kuma babban makamin da suka yi aiki da shi wayar hannu ce, duk bayan wata uku a kira mace ko wani nata a tambayi jiki. Sakamakon ya fito a 2020, kuma abin kunya mu ne a ƙasan kowa, cikin kowace mace 100 a Najeriya 36 kacal ke raye bayan shekara uku da gano cutar, alhali fararen fata na Namibiya 90 ne. A ƙasashen da suka ci gaba sama da 90 cikin 100 ke wuce shekara biyar. Amma ka san a ina aka yi ɓangaren Najeriya? A Aba da Owerri. Ba ina jin haushin su ba ne, Allah ya ƙara musu, sai dai macen Aba da macen Ɓaɓura ba tafiya ɗaya suke yi zuwa asibiti ba, ba shekarun aure ɗaya ba, ba yawan haihuwa ɗaya ba, ba mai yanke hukunci ɗaya ba a gida. Mu namu adadin ina yake, 36 ne ko ya fi haka muni?

Na biyu, kuma nan ne zan ɗan daɗe don nan ne ya fi ci mini rai. Sai da na shiga jinya na san ashe sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda sinadaran jikin mace ke ciyar da ita, wannan ita ce ƙwayar tamoksifen ke yi wa aiki, ƙwaya ce mai sauƙin kuɗi da ake sha kullum shekara biyar ko fiye. Akwai mai wata alama da ake kira HER2, wadda ke da saurin yaɗuwa amma tana da allurarta, Herceptin, da Amurka ta amince da ita tun 1998. Akwai kuma wadda ba ta da ko ɗaya cikin alamomin da ake dubawa, ita ba ruwanta da tamoksifen ba ruwanta da Herceptin, sai kemo, wato magungunan nan masu ƙarfi na kashe sankara. Kuma ba a gane wacce ce wacce da ido ko da hoto, sai an gutsuri naman an kai ɗakin gwaji an yi masa wani awo na musamman.

Ranar da aka yi wa Yaya aiki, wata ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunan mai jinya, ta miƙo mini naman a cikin wata roba da mu muka sayo, ta ce in kai lab. Na je lab an tashi, ranar Juma'a ce. Robar nan a jakata ta kwana har uku, ina ajiye ta a saman firij ina kallonta kamar wani abin tsafi, ban san ma akwai wani ruwa da ya kamata ya rufe naman gaba ɗaya tun daga lokacin da aka cire shi ba, ɗan kaɗan ne a ƙasan robar. Daga baya na karanta cewa in naman ya jima bai jiƙu a ruwan nan da kyau ba awon yana iya nuna babu alhali akwai. Aka ce kuma shi awon na musamman ba a yi a nan don kayan aikin sun ƙare, sai an aika Kudu. Sati bakwai muna jira. Kafin ya dawo an riga an ɗora ta a kan tamoksifen wai kafin a gani, da ya dawo aka ce ai ba irin nata ba ne. Har yau ina tambayar kaina shin sakamakon gaskiya ne ko robar da ta kwana a kan firij ɗina ce ta yi magana. Ban faɗi haka don in tona wa wani asiri ba, likitocin da suka duba ta wallahi sun yi iya ƙoƙarinsu, ɗaya daga cikinsu har kuɗin mota ya taɓa ba mu daga aljihunsa.

Abin da ya sa wannan ya zama maganar bincike, an daɗe ana cewa matan Afirka ta Yamma sun fi samun irin mai wuyar nan da ba ta jin magani sai kemo, kuma tun suna da ƙuruciya. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jami'ar Chicago da abokan aikinta na Ibadan sun shafe shekaru a kan wannan, a 2018 suka fitar da cewa cikin mata sama da 1,000 masu sankarar mama da suka duba, kusan ɗaya cikin tara tana ɗauke da tawayar gado ta BRCA1 ko BRCA2, wadda ke jawo sankarar mama da ta ƙwan mace a dangi. Su ne kuma suka yi gwajin ARETTA a kan masu HER2, a asibitocin Kudu maso Yamma. Aiki ne mai kyau ƙwarai. To mu fa da muke auren zumunci, ɗan wa da 'yar ƙani, gida ɗaya kaka ɗaya, wa ya duba namu jinin? A zaurenmu akwai wadda ita da ƙanwar mahaifiyarta da 'yar ƙanwar duk abu ɗaya ne ya same su, akwai wadda cikinta ya yi ta kumbura aka yi shekara ana ba ta maganin olsa da na sammu kafin a gano sankarar ƙwan mace ce. Babbar 'yar Yaya shekararta 17, ta taɓa tambayata cikin dare, Anti ni ma zan yi ko? Na ce mata Allah ya tsare, na juya mata baya don kar ta ga fuskata.

Sannan ita Herceptin ɗin a ƙa'ida shekara guda ake yi, duk bayan sati uku, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta nesa ba kusa ba. Abin da ke faruwa mace ta sayar da fili ta yi uku ko huɗu kuɗi ya ƙare ta tsaya. A Ingila an yi wani gwaji mai suna PERSEPHONE da ya kwatanta wata shida da wata goma sha biyu, bambancin ya fito kaɗan ƙwarai. Su da gwamnati ke biya musu ma sun damu su san ko rabi zai wadatar, balle mu. Irin wannan tambayar ce nake so a yi a kan matanmu, in mace ba za ta iya shekara ba, nawa ne mafi ƙaranci da zai amfane ta, don likita ya faɗa mata gaskiya tun kafin ta sayar da filin.

Na uku maganar gashi ce, musamman ga masu sankarar bakin mahaifa. Tun 1999 duniya ta tsaya a kan cewa in cutar ta wuce aiki, maganinta gashi ne haɗe da allurar sisfilatin duk sati, sannan a ƙarasa da gashin ciki wanda ake sa na'urar ta ƙasa daf da inda ciwon yake, kuma ana so a gama duka cikin sati takwas, duk kwanan da aka ƙara bayan haka damar warkewa raguwa take yi. Wata maƙwabciyarmu, mai sayar da awara, ta fara da zubar jini bayan kwanciya da miji da ruwa mai wari, aka ce sanyi ne, ta sha maganin sanyi na kemis da na 'yan bakin kasuwa fiye da shekara. Da aka gano aka tura ta wani gari gashi, ita da 'yarta suna kwana a barandar asibiti kan tabarma don ba su da kowa a garin. An yi mata kwana goma sha ɗaya inji ya tsaya, aka ce injiniya sai ya zo daga waje. Suka dawo gida. Da aka gyara ma'aikata suka shiga yajin aiki. Sati takwas ɗin nan sai da ya zama wata biyar, gashin ciki kuwa ba ta samu ba sam.

Yanzu ga inda bincike ya shigo. A 2024 an wallafa sakamakon gwajin INTERLACE, mata 500 daga Birtaniya da Meziko da Indiya da Italiya da Brazil, aka ga cewa in an ba mace kemo na sati shida da magunguna biyu tsofaffi masu araha, kabofilatin da fakilitaksel, kafin a fara gashin, waɗanda ke raye bayan shekara biyar sun tashi daga 72 zuwa 80 cikin 100. Magungunan nan akwai su a ƙasar nan. Da na karanta sai da na yi hamdala. Amma da na ƙara dubawa sai na ga su suna gama kemon da kamar sati guda suke shiga gashi, ba jira. To a wajenmu da layin gashi ke kai watanni, in aka ba mace kemon ta gama sannan aka ce ta je gida sai an kira ta, amfani aka yi mata ko illa? Ba wata ƙasar Afirka a cikin gwajin, ga kuma matanmu da yawa jininsu a ƙasa yake tun kafin a fara, wasu suna ɗauke da HIV wanda ke ninka haɗarin wannan cuta har sau shida. Ba Bature ne zai zo ya amsa mana wannan ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka ma gashin mama. Da can zuwa 25 ake yi cikin sati biyar, aka dawo 15 cikin sati uku, sai gwajin FAST-Forward na Birtaniya a 2020 ya nuna zuwa biyar cikin sati ɗaya ya wadatar ga mata da yawa. Ranka ya daɗe ka auna abin da wannan ke nufi ga macen da ke kwana a baranda, sati ɗaya maimakon biyar, kuma inji ɗaya ya ɗauki mata ninkin waɗanda yake ɗauka. Sai dai su yawancinsu da wuri aka gano musu, ƙullutun bai kai ko'ina ba, mu kuwa namu sai ya fashe ya kama hammata ake zuwa. Ya dace da mu ko bai dace ba? A gwada a Zariya da Sakkwato da Gombe da Katsina a gaya mana.

Na huɗu, na san abin da wasu za su ce, ai mutanenku ne ba sa yarda, da sun ji kalmar gwaji sai su gudu. Gaskiya ne, amma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma dole ya yi tsalle. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, yara wajen 200 aka sa a ciki, 11 suka mutu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Kai da kanka ka san wannan fiye da kowa, don lokacin da kake shugabantar hukumar lafiya matakin farko daga 2008 ƙofar sarakuna ka bi ka ƙwanƙwasa har jama'a suka dawo suka miƙo 'ya'yansu. Hanyar da ka bi a kan shan inna ita muke so a bi a nan.

Mu ba gwaji muke tsoro ba, ɓoye-ɓoye muke tsoro. Takardar amincewa da aka ba Yaya kafin aiki da Turanci take, shafi biyu, aka nuna mata inda za ta dangwala. Ni na karanta mata a tsaye a bakin ƙofar tiyata ina fassarawa da ka. In za a yi bincike a kanmu a rubuta da Hausa, da boko da ajami, a naɗa a murya a tura wa mace a waya ta saurara a ɗakinta sau nawa take so, ta yi shawara da mijinta da mahaifiyarta, a gaya mata ƙarara cewa in ta ƙi ba za a hana ta magani ba, in ta shiga kuma tana da ikon fita. Mijin a zaunar da shi a yi masa bayani don in bai gane ba ba za ta dawo ba, amma sa hannun nata ne, jikinta ne. Dokokin suna nan, akwai kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa, akwai NAFDAC, abin da ya rage a sa mata irinmu a cikin kwamitocin asibitoci, waɗanda suka san warin ɗakin kemo, ba farfesoshi zalla ba.

Wani abu kuma da na ga ana wucewa a gurguje, ana ta faɗin matan Arewa ba sa zuwa da wuri kamar laifinsu ne su kaɗai. A garinmu kowa ya san maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe, in aka yi masa allura ko aka sa wuƙa sai ya harzuƙa. Mahaifiyarmu da kanta ta riƙe hannun Yaya tana kuka kar a taɓa. Kuma in ka duba ta ina maganar ta samo asali, mutane sun ga ana kai mace a makare a yanka ta mutu, sai suka ce wuƙar ce. Amma Yaya ta je wajen ma'aikatan lafiya har sau uku a wata na biyu da jin ƙullutun, tana shayarwa a lokacin, aka ce nono ne ya kwanta aka ba ta maganin ƙwayoyin cuta, wata takwas aka ɓata a haka kafin wani ya ce a gutsura a duba. To jinkirin na wa ne? A bincika a raba mana, kashi nawa na gida ne, kashi nawa na mai magani, kashi nawa na ƙaramin asibiti. Su masu maganin gargajiyar ma a jawo su a koya musu alamomin da in sun gani za su turo, don ko an so ko an ƙi wajensu ake fara zuwa.

Kar a ce Afirka ba ta iya ba. Allurar HPV guda ɗaya tak da aka yi wa 'yata maimakon biyu ko uku, binciken da aka yi a Kenya da Tanzaniya yana cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2022. 'Yan matan Kenya suka ba da hannu, 'yan matan Kano suka amfana. Mu ma muna so a ce wata rana ga abin da aka gano a Kano ko Maiduguri duniya ta ɗauka.

Maganar kuɗi ba zan ja ta ba, kun fi ni sanin alkawarin Abuja na 2001 na a ware kashi 15 na kasafin kuɗin ƙasa ga lafiya, da kiran Bamako na 2008 na a ware aƙalla kashi 2 na kasafin ma'aikatar lafiya don bincike. Asusun tallafin masu kansa da ya shafi mama da bakin mahaifa da mafitsarar maza mun san da shi, wasu a zaurenmu sun cike fom, wasu sun samu, wasu an kira wayarsu bayan an yi sadakar bakwai. Likitocin da za su yi binciken kuma kullum sai mun ji wane ya tafi Saudiyya wance ta tafi Ingila, wanda ya rage shi kaɗai zai ga layin da ya kai bakin get, yaushe ya zauna balle ya rubuta?

Don haka ranka ya daɗe ga roƙonmu. A sa kowane asibitin koyarwa na Arewa ya ɗauki ma'aikata, mata masu jin Hausa da Fulatanci da Kanuri, aikinsu kawai su riƙa kiran duk macen da aka gano tana da sankara duk bayan wata uku har ƙarshe, kuma duk shekara a buga sakamakon kowa ya gani, asibiti kaza mata kaza suka zo kaza ke raye. Wannan katin waya da albashi kawai yake buƙata. A hana miƙa wa dangi nama a roba, asibiti ya ɗau nauyin kai shi lab da kansa, kuma awon nan na musamman a riƙa yin sa a Arewa cikin sati biyu, kar a ɗora mace a kan wani magani sai an san irin cutarta. NICRAT ta zaɓi aƙalla asibitoci uku a Arewa ta gyara su su kai matsayin da za a iya gwajin magani a cikinsu, da firij mai sola da ma'aikatan bincike na dindindin, sannan duk kamfani ko jami'ar waje da ta zo neman izinin gwaji a kan sankarar mata a tambaye ta ina cibiyarta ta Arewa, kuma ta rubuta yadda maganin zai samu ga matanmu in gwajin ya ƙare, kar a ɗebi jininmu a tafi a dawo mana da allurar da ba za mu iya saya ba. A fara da tambayoyin da na lissafa a sama, gajeren gashi, kemo kafin gashi, gajeriyar Herceptin, don su ne za su rage wa talaka kashe kuɗi tun yanzu. A gwada awon HPV da mace ke ɗaukar samfurin da kanta a banɗaki, don mata da yawa mutuwa ta fi musu sauƙi a kan su buɗe wa namiji jikinsu, in ana so a kai ga auna kashi 70 na mata da duniya ta sa a gaba tun 2020 to ta nan za a bi. Duk injin gashin da za a saya a haɗa da kwangilar gyara da injiniya a ƙasa, a kuma gina ko da ɗaki huɗu ne na kwanan masu jinya kusa da shi. Macen da ta shiga bincike a biya mata kuɗin mota da abinci, in an gama a tara su a gaya musu abin da aka gano da harshensu.

Ku kuma shugabannin asibitocinmu, fayil-fayil ɗin nan da ke jibge a ɗakin kati ƙura na ci, ku ba ɗalibanku su zauna su tsamo abin da ke ciki, mu dangi in an neme mu za mu ba da izini kuma za mu cike muku inda labarin ya yanke.

Takardun Yaya suna nan wajena cikin wata leda a ƙasan akwati, hotuna da sakamakon jini da rasit-rasit, har da ɗan littafin da nake rubuta ranar kowace allura da abin da ta yi mata, ranar da gashin kanta ya fara zuba, ranar da ta daina cin tuwo. Mahaifiyarmu ta ce in ƙona su na ƙi. Duk ranar da aka buɗe rijistar nan a sanar a rediyo, ni zan fara kawowa, kuma matan zaurenmu sun ce in gaya muku su ma nasu na nan a ajiye.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya yi muku jagora.

Wassalam,
Ƙanwar wata majinyaciya, a madadin matan zauren jinya.